Gyaran Layi a Tashar Kwamfuta: Abin da ke Tsakanin Yatsa da Umurni

Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya ga akawu yana buga wasiƙa da tafireta ya san cewa rabin gwanintar wannan aiki a gyaran kuskure take. In yatsa ya zame ya bugi harafin da ba shi ake nufi ba, sai a ɗauko farar tawada a shafe, a jira ta bushe, a mai da keke baya a sake bugawa. In kuskuren ya yi yawa kuwa, a zare takardar a yage, a soma sabuwa. Duk da haka takarda ba ta aikata kome da kanta. Tana nan ajiye har sai shugaban ofis ya karanta ya sa hannu. Amma akwai wani irin rubutu wanda ba ya jiran sa hannun kowa, shi ne rubutun da mutum kan yi don ya ba kwamfuta umurni. Da zarar an danna maɓallin aikawa, wanda aka rubuta wa Enter, na'ura ta zartar da abin da ke rubuce, ko shi aka nufa ko ba shi ba.

Ga misali ƙarami. A tsarin Unix da danginsa, irin su Linux, umurnin share fayil shi ne rm, alamar tauraro kuwa tana nufin kowane suna. Ma'aikacin da ke so ya share tsofaffin fayiloli waɗanda sunayensu suka ƙare da .tsoho sai ya rubuta rm *.tsoho, shi ke nan. In kuwa babban yatsansa ya taɓa dogon maɓallin tazara, rubutun ya zama rm * .tsoho, to ya ce wa na'ura ke nan ta share dukkan fayilolin da ke wurin, sa'an nan ta nemi wani mai suna .tsoho shi ma ta share. Galibi ba za ta tambaye shi ko ya tabbata ba, kuma babu kwandon shara da za a koma a tono. Magana zarar bunu ce. Saboda haka ɗan lokacin nan da ke tsakanin buga harafin farko da danna maɓallin aikawa shi kaɗai ne damar da mutum ke da ita ta duba abin da ya rubuta, ya koma baya, ya gyara. Ƙananan manhajojin da ke kula da wannan ɗan lokaci su wannan lacca za ta duba.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita kalmomi uku. Ta farko ita ce tasha. A zamanin da kwamfuta guda kan cika ɗaki, ba a gabanta ake zama ba. Akan ja waya daga gare ta zuwa wasu ofisoshi, a ƙarshen kowace waya a ajiye na'ura mai maɓallan rubutu da wurin ganin amsa. Wannan na'ura ta ƙarshen waya ita ake kira tasha a nan. Yau galibi wata taga ce kawai mai baƙin fili da ake buɗewa a fuskar kwamfuta, amma har yanzu halin kakarta take kwaikwaya. Ta biyu ita ce tafinta, watau manhajar da ke karɓar layin da mutum ya rubuta, ta fassara shi, ta sa a aikata. Sanannun tafintoci su ne sh da csh da ksh da bash da zsh. Ta uku ita ce taska. Masu rubuta manhaja ba sa son maimaita aikin da wani ya riga ya gama, sai su tara ayyukan da ake yawan bukata wuri guda, duk mai so ya ɗauka ya haɗa da tasa manhajar, kamar yadda magini ba ya sassaƙa ƙyaure da kansa, sai ya sayo wurin kafinta ya kafa. Taskar gyaran layi ita ce wadda ba ta da aiki sai ta karɓi layi ɗaya daga hannun mutum, ta bar shi ya gyara yadda ya ga dama, sa'an nan ta miƙa.

Zamanin Takarda

Tashar da ta yi suna ƙwarai a shekarun 1960 ita ce Teletype Model 33, wadda aka fito da ita a Amurka a 1963. Ba ta da fuskar gilashi. A kan doguwar takarda mai naɗi take bugawa, harafi 10 cikin daƙiƙa guda, manyan baƙaƙe zalla, da ƙara mai cika ɗaki. Da irin waɗannan na'urori ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina Unix a ɗakin binciken Bell a 1969. Abin da tawada ta riga ta buga ba ya gogewa, don haka aka yi dabara. Aka ware alamar # ta zama tana soke harafin da ya gabace ta, alamar @ kuwa ta soke layin duka. Mai son ya rubuta date, watau umurnin tambayar kwanan wata, in ya kuskure ya buga dare, sai ya bi shi da ## sa'an nan ya buga te. A takarda za a ga dare##te, amma date na'ura ta karɓa. Lissafin abin da ya rage a layi da abin da aka soke, duk a kan mai rubutu yake. In ya rikice, ya buga @ ya sake daga farko.

Wannan zamani ya bar gadon da har yau ake fama da shi. A tsarin lambobi na ASCII, wanda aka soma a 1963 aka gyara a 1967, kowane harafi yana da lambarsa: A tana da 65, B tana da 66, haka har zuwa Z. Maɓallin Ctrl ba abin da yake yi sai ya rage 64 daga lambar babban baƙi. Ctrl da H ya ba da 8, wadda ke nufin koma baya taku ɗaya. Ctrl da I ya ba da 9, wadda ita ce lambar maɓallin Tab. Ctrl da M ya ba da 13, watau mai da keke farkon layi. Shi ya sa a tasha ta al'ada babu yadda manhaja za ta bambance tsakanin wanda ya danna Tab da wanda ya danna Ctrl da I, don lamba ɗaya ke isowa. Lambar sharewa kuwa, watau 127, ita ce ta can ƙarshe, kuma da dalili. A zamanin ana ajiye rubutu a kan siririyar takarda mai huji, kuma huji ba ya toshewa. Hanya ɗaya ta soke harafi ita ce a huda dukkan gurabe bakwai, a kuma yarda cewa mai huji bakwai ba a karanta shi.

Uwar manhaja, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta duka, ita ke ɗan wannan gyara da kanta. Takan tara haruffa har a danna maɓallin aikawa, sa'an nan ta miƙa wa tafinta layin a gyare. Masu sana'ar suna kiran wannan hali dafaffe, kishiyarsa kuma ɗanye. A dafaffen hali mutum na iya share harafin ƙarshe, ko kalmar ƙarshe, ko layin duka, iyakarsa ke nan. Kuskuren da ke farkon layi ba a kai gare shi sai an rushe duk abin da ya biyo bayansa.

Da Gilashi Ya Zo

A shekarun 1970 tashoshi masu fuskar gilashi suka soma maye gurbin masu takarda. Wadda ta fi barin tarihi ita ce VT100 ta kamfanin DEC, ta 1978, mai layi 24, kowane layi gurbi 80. Ita kanta 80 ɗin gado ce daga katin huji na IBM na 1928. Bambancin gilashi da takarda shi ne bambancin allo da takarda: a allo ana wankewa a sake rubutu a wuri guda. Sai dai kowane kamfani da irin lambobin da tasharsa ke ji in ana so a gusar da manuni, watau ɗan alamar nan mai ƙiftawa da ke nuna inda harafi na gaba zai sauka. A 1978 Bill Joy na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya tattara bayanin halayen tashoshi iri iri cikin kundi guda mai suna termcap, don manhajarsa ta gyaran rubutu, vi, ta yi aiki a kan kowacce. A gabashin ƙasar kuma, a MIT, Emacs ta riga ta bayyana tun 1976. Waɗannan biyu su suka koya wa yatsun masu kwamfuta yadda ake yawo cikin rubutu.

Abin mamaki, tafinta ita ta makara. Mutum na iya gyara shafi sukutum a cikin vi, amma da ya fito ya tsaya gaban tafinta sai ya koma zamanin takarda. A hankali aka riƙa cike giɓin. Tafintar csh, ita ma ta Bill Joy ce ta 1978, ta zo da ajiye tarihin umurnan da aka bayar, a kira su da alamar motsin rai. Wani tsari dabam mai suna TENEX, wanda kamfanin BBN ya soma a 1969, yana da dabarar ƙarasa wa mutum kalma in ya buga farkonta. Ken Greer ya ɗauko wannan ya dasa a csh, ya fito da shi fili a 1983, harafin t na sunan tcsh kuwa daga TENEX yake. A 1983 ɗin dai David Korn na ɗakin binciken Bell ya gabatar da ksh, wadda ta ba mutum zaɓi ya gyara layinsa da maɓallan Emacs ko na vi. Amma duk waɗannan a cikin cikin tafintocinsu suke a binne, wata manhaja ba ta da halin aro. Ksh kuma mallakar kamfanin AT&T ce, ba a saki rubutunta ga jama'a ba sai a shekara ta 2000.

Ya kamata a tsaya nan a ga yadda aikin yake, domin duk matsalolin da za a ambata a gaba daga nan suka taso. Abu na farko da taskar gyaran layi ke yi shi ne ta ce wa uwar manhaja ta janye hannunta: kada ta tara layi, kada ta nuna harafi a fuska, duk maɓallin da aka danna ta miƙo lambarsa nan take, ɗanya. Daga nan nauyi duka ya koma kan taska. Ita ke riƙe da layin a ma'ajinta. In mutum ya koma tsakiyar layi ya cusa harafi, ita za ta matsar da sauran haruffa gaba, ta aika wa tasha umurnin share daga nan zuwa ƙarshen layi, ta sake rubuta saura, sa'an nan ta dawo da manuni inda ya kamata. Kuma duk wannan ba ta ganin fuskar tasha ko kaɗan, ƙidaya kawai take yi. Misalinta kamar makaho ne da ya haddace ɗakinsa da ƙirgen taku: muddin lissafinsa daidai ne ba zai yi tuntuɓe ba, in ya kuskure da taku ɗaya kuwa duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Maɓallan kibiya ma ba su da lamba tasu a ASCII. In aka danna kibiyar sama, lamba uku tasha kan aiko a jere: 27, wadda ita ce ta maɓallin Escape, sai 91, sai 65. To, in 27 ta iso, yaya taska za ta san ko mutum ne ya danna Escape ko kuwa kan kibiya ne ya shigo, saura na tafe? Ba ta da hanya sai jira. Shahararriyar taskar nan Readline takan jira rabin daƙiƙa a inda ake da irin wannan shakka, in ba a canza mata ba. Duk wanda ya taɓa danna kibiya ya ga ^[[A ya fito masa a fuska, to ya gamu da manhajar da ba ta da taskar gyaran layi ke nan. Haka kuma wajibi ne taska ta mai da tasha dafaffen halinta kafin ta tafi. In manhaja ta mutu farat ɗaya ba ta yi haka ba, sai mutum ya yi ta bugawa ba ya ganin kome, sai ya rubuta reset a makance kafin tasha ta dawo hayyacinta.

Readline

A 1983 Richard Stallman ya yi shelar aikin GNU, watau gina tsari irin na Unix wanda kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa da rabawa. Tsari kuwa ba ya yiwuwa ba tafinta. Brian Fox, baƙar fata ɗan Amurka, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na gidauniyar da Stallman ya kafa a 1985, shi ya rubuta bash, aka fito da ita a 1989. Hikimar da aka yi ita ce ba a binne sashen gyaran layi cikin bash ba, aka ware shi ya zama taska mai zaman kanta, aka sa mata suna Readline. Daga baya Chet Ramey, wanda ya daɗe yana aiki a Jami'ar Case Western Reserve a jihar Ohayo, ya karɓi riƙon bash da Readline duka, ya kuma riƙe su fiye da shekara 30. Abin lura ne a ce kayan aikin da miliyoyin mutane ke taɓawa kullum ya rataya a wuyan mutum ɗaya tsawon wannan lokaci, mafi yawansu kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Ga mai rubuta manhaja, amfani da Readline kira ɗaya ne: ya ba ta kalmar da za ta nuna a farkon layi, ta dawo masa da layin da mutum ya gama gyarawa. Ga mai bugawa kuwa, riba ita ce yatsa ya koyi abu sau ɗaya. Ctrl da A na kai manuni farkon layi, Ctrl da E ƙarshensa. Ctrl da K na yanke daga manuni zuwa ƙarshe, Ctrl da Y ya dawo da abin da aka yanke. Ctrl da T na musanya haruffa biyu da suka yi tsallake. Ctrl da R na binciken tarihi da baya da baya, ana buga harafi tana nemowa. Duk daga Emacs aka gado su. Maɓallin Tab na ƙarasa sunan fayil, wanda ban da sauƙi kariya ce babba, don sunan da na'ura ta ƙarasa ba ya zuwa da kuskuren yatsa. Waɗannan maɓallai su ne dai a bash, da gdb mai binciken lahanin manhaja, da psql ta rumbun bayanai na PostgreSQL, da wasu da yawa. Fayil guda mai suna .inputrc ya isa mutum ya canza halinsu duka.

Sauƙin yana da nasa haɗari. Tarihin umurni a fayil ake ajiye shi, a fili ba a rufe ba. Bash kan riƙe layi 500 in ba a ce mata wani abu ba. Ma'aikacin da ya rubuta kalmar sirri cikin umurni ya bar ta ke nan ga duk wanda ya iya buɗe wannan fayil. Akwai kuma haɗarin kwafo umurni daga intanet a liƙa a tasha. Ita taska lambobi kawai take gani, ba ta san ko yatsa ne ya buga ko liƙawa aka yi ba. In akwai alamar ƙarshen layi a ɓoye cikin abin da aka kwafo, sai umurnin ya zartu tun mutum bai karanta ba. Maganin da aka samo shi ne tasha ta sa wata alama a farko da ƙarshen duk abin da aka liƙa, taska kuma ta riƙe shi har a danna Enter da hannu. Readline ta samu wannan a 2016, amma sai a 2020 aka mai da shi halin da take zuwa da shi.

Rigimar Lasisi

Da wuya a sami ƙaramar taska da aka yi ta gardama a kanta kamar Readline, kuma ba a kan ingancinta ba. Lasisin GNU iri biyu ne. Akwai mai sassauci, wanda ya yarda kowace manhaja ta jingina da taska ko da ita a rufe take; da shi aka saki babbar taskar harshen C ta GNU. Akwai kuma GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk manhajar da aka haɗa da taskar, in za a raba ta ga jama'a, tilas ita ma a sake ta bisa wannan sharaɗi. Da gangan aka sa Readline ƙarƙashin GPL. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san saura.

An gwada wannan sharaɗi tun da wuri. A 1992 Bruno Haible, Bajamushe, ɗaya daga cikin marubutan CLISP, ya yi musayar wasiƙu da Stallman a kan ko haɗa manhajarsa da Readline ya wajabta masa GPL. Ƙarshenta CLISP ta koma GPL. A wata maƙala ta 1999 Stallman ya kafa hujja da Readline, cewa taskar da ke ba da abin da babu irinsa a wani wuri gara a tsaurara lasisinta, don ta zama fifiko ga manhajoji masu 'yanci. Hujjar tana da ƙarfi, amma ƙarfinta ya dogara ne ga kasancewar babu irinta. Tun 1992 kuwa Christos Zoulas, yana Jami'ar Cornell a lokacin, ya ba tsarin BSD na Berkeley wata taska, libedit, mai lasisin da ya yarda kowa ya ɗauka ya yi abin da ya so. Daga baya aka yi mata riga irin ta Readline, yadda manhajar da aka rubuta don waccan za ta iya aiki da wannan. Da ita kamfanin Apple ke fitar da kwamfutocinsa. Da aka mai da bash da Readline bugu na uku na GPL a 2009, Apple ya tsaya a tsohuwar bash mai lamba 3.2, har a 2019 ya mai da zsh tafintarsa ta farko, ita kuwa zsh tana da nata sashen gyaran layi. In an auna da adalci, sharaɗin ya jawo wasu manhajoji cikin 'yanci, ya kuma haifa wa Readline kishiyoyi. Wanda ya ɗanɗana kuɗar kuwa shi ne mai bugawa, wanda kan tarar maɓallin da ya saba da shi a wannan kwamfuta ya ƙi aiki a waccan.

A 2010 Salvatore Sanfilippo, mutumin Sisili ta Italiya, marubucin Redis, ya zo da wata hujja dabam. A lissafinsa Readline ta kai layin rubutu wajen 30,000, alhali kusan kowace tasha ta yau tana jin yaren VT100. Sai ya rubuta linenoise, mai layi wajen 1,000, ba ruwanta da kundin halayen tashoshi. Ta karɓu ƙwarai. Sauran harsunan manhaja ma kowanne ya yi tasa: JLine ga Java, Haskeline ga Haskell, rustyline ga Rust. Python ma a 2024 ta koma amfani da sabon mai gyaran layi da aka rubuta da Python kanta. Sai dai ƙanƙantar linenoise ta zo da farashi, domin shekaru da yawa ta yi tana ɗauka cewa kowane harafi lamba ɗaya ne, gurbi ɗaya. Ga mai rubutu da Ingilishi wannan gaskiya ne.

Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Ga mai rubutu da Hausa ba gaskiya ba ne. ASCII ba ta san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Tsarin da ya ba su gurbi shi ne Unicode, hanyar da aka fi bi wajen ajiye shi kuwa ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan hanya harafin Ingilishi na cin ma'auni ɗaya, wanda ake kira bayit, kowane baƙi mai lanƙwasa kuwa na cin biyu. Kalmar ƙwaƙwalwa harafi 9 ce a ido, bayit 11 a ma'aji. A tuna da makahon nan mai ƙirgen taku. Taskar da ke ƙirga bayit za ta ɗauka manuni ya yi gaba da gurbi 11, alhali 9 ya yi. In aka koma baya don gyara, sai harafi ya sauka inda ba a nufa ba, in aka share kuwa ta gutsure rabin ƙ ta bar rabi. Readline ta koyi wannan lissafi a farkon shekarun 2000, amma ko ita sai an gaya wa kwamfuta cewa da UTF-8 ake aiki, ta hanyar saitin harshe da yanki. A Linux har akwai na Hausar Nijeriya mai suna ha_NG. In ba a yi ba, ɗ ko dai ya ɓace ko ya fito da siffar lambobi irin \311\227.

Ɗaliban ilmin harshe matsalarsu ta fi haka. A ƙamus irin na Paul Newman na 2007 ana nuna dogon wasali da ɗan layi a bisansa, faɗaɗɗen sauti da wata alama, ra-gare kuma da alama a bisan r. Wasalin a mai tsawo da faɗaɗɗen sauti ba shi da lamba guda a Unicode. Sai a rubuta dogon wasalin, a bi shi da alamar sauti wadda ba ta cin gurbi, hawa kawai take yi. Bayit 4 ke nan, alama 2, gurbi 1. Tilas taska ta riƙe lissafi uku a lokaci guda, ta kuma yanke shawara: in an danna sharewa, alamar sauti kaɗai za ta cire ko wasalin duka? Ba dukkan taskoki suka amsa iri ɗaya ba.

Sai kuma alhamza, wadda ba ta da lanƙwasa amma ta fi kowa jawo rikici. A wurin Readline kalma ita ce jerin haruffa da lambobi, saboda haka maɓallin tsallaka kalma na ɗaukar sana'a kalma biyu ce, ya tsaya a tsakiya. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne cewa a wurin tafinta wannan alama buɗe zance take nufi. Ma'aikacin da ya sa wa fayil suna ma'aikata, in ya rubuta sunan yadda yake ya danna Enter, tafinta za ta zauna tana jiran alama ta biyu da za ta rufe zancen, shi kuma ya zaci na'ura ta sandare. In sunan 'ya'ya ne, alamun biyu sun rufe juna, tafinta ta cire su ta nemi fayil mai suna yaya. A nan ne ƙarasa suna da Tab ke ceto, domin bash kan sa karkataccen layi gaban alhamza da kanta, sunan ya fito ma\'aikata. Rubutun Nijar, da ke amfani da ƴ, ya tsira a kalma irin ƴaƴa, amma bai tsira a ma'aikata ba.

Ajami kuwa ya taɓa tushen ginin ne. Tasha jerin gurabe ce daga hagu zuwa dama, harafi ɗaya a gurbi ɗaya, tun daga katin huji. Rubutun da ke tafiya daga dama, haruffansa na haɗuwa suna canza siffa, bai dace da wannan shimfiɗa ba. Taskokin gyaran layi galibi sun bar wa tasha wannan nauyi. Wasu tashoshin zamani suna juya rubutun daidai, wasu suna jera haruffan a warwatse daga hagu.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya yi wa duk manhajar da ke karɓar layi. Ya rubuta ɗaɗɗaya, harafi 7 ne, bayit 10, sa'an nan ya danna sharewa sau 7. In mai gyaran layin ya san UTF-8, layi zai koma fayau. In bayit yake ƙirgawa, 7 zai cire ya bar 3, watau ɗa. A wani wurin ana ganin wannan saura a fuska. A wani kuwa fuska na nuna babu kome, alhali yana nan cikin ma'aji, zai manne a gaban duk umurnin da aka rubuta bayansa.